Tiga: Dam Ɗin Da Ya Shayar Da Kano, Ya Shaƙe Kogin Haɗeja

Mai karatu, bari in fara da tambaya. A ce an kawo maka labarin garuruwa biyu da ke shan kogi ɗaya. Na farko ruwa ya cinye gonakinsa, har mutane na zuwa kasuwa a kwale-kwale. Na biyu kuwa, wanda bai fi tafiyar yini daga na farkon ba, hanyar ruwansa ta ƙafe ƙayau, masunta sun rataye komarsu. Sai kuma aka ce maka abu ɗaya ne ya jawo musu wannan hali, kuma abin nan yana can kudancin Kano, tsakanin ƙasar Rano da Bebeji da Tudun Wada, nisan fiye da kilomita 200 daga gare su. Za ka yarda? To, gyara zama, domin ba tatsuniya ba ce.

A watan Mayu na 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, ya ɗauko wani babban jami'in 'yan sanda, Alhaji Audu Bako, ya ba shi Jihar Kano. Kanon wancan lokaci ba ta yau ba ce; ta haɗa da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse. Jama'a ga ta nan birjik, ƙasar noma ta yi kaɗan, damina kuwa 'yan watanni ce. Da an gama girbi, an kai gero da dawa rumbu, sai majiya ƙarfi su ɗaura ƙunshi su tafi ci-rani. Me za su zauna yi? Ƙasa ta bushe, sai tururi take.

Abin haushin shi ne, ruwa ba rasa shi aka yi ba. Kogin Kano yana tasowa daga duwatsun kudu, wajen Riruwai, ya gangaro ta yammacin Rano. A watan Agusta ko jarumi ba ya tunkarar sa. Yana tafe da itatuwa da duk abin da ya tarar. Amma kafin sanyi ya wuce ya koma rairayi, mata na tonon yashi da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsattsafo. Mai karatu, da kai ne gwamna, kana kallon wannan ruwa yana wuce talakawanka kowace shekara yana nausawa gabas, me za ka yi?

Audu Bako bai yi dogon tunani ba: a tare shi. Ya fara da ƙaramin dam a Bagauda, aka buɗe gonar gwaji a Kadawa, aka ga alkama ta yi kyau da rani. Daga nan ya ɗaga ido zuwa Tiga. A 1971 aka sa hannu a aiki. Ana tsakiyar gini sai ga farin 1972 da 1973, wanda ya ƙone amfanin gona daga Senegal har Habasha, ya kashe dabbobi ba iyaka, ya karya ƙashin bayan noman gyaɗar da Kano ke tunƙaho da ita. Duk mai shakkar aikin Tiga a da, yunwa ta rufe masa baki. Wa zai ce kada a adana ruwa alhali shanu na faɗuwa a bakin hanya?

A 1974 aka gama. Ba ginin siminti ba ne zalla. Ƙasa aka yi ta tarawa ana dannewa har ta zama ganuwa mai tsayin mita 48 da tsawon kilomita 6. Ruwa ya taru a bayanta ya mamaye murabba'in kilomita 178, tafkin da aka tsara ya ɗauki kusan kubik mita biliyan 2. Mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba suka riƙa zuwa kallo. Aka gina otal a kan dutse don baƙi masu shaƙatawa. Sai dai a ƙarƙashin wannan ruwa mai sheƙi akwai abin da baƙi ba sa gani.

Akwai ƙauyuka. Akwai gonakin gado da rijiyoyi da kukoki da maƙabartu. Dubban mutane aka tasa, aka ce su koma sabon matsuguni a kan tudu. Mai karatu, a ce kai ne magidancin da ma'aikacin gwamnati ya yi wa sallama, ya nuna masa turke mai jan fenti ya ce, "Baba, ruwa zai kawo har nan, sai ku shirya." Kabarin mahaifinka yana ƙasan turken. Za ka tashi da hannu biyu, ko sai ruwa ya taɓa dangar gidanka? Sun tashi. Su ne na farko da suka biya kuɗin Tiga, amma ba su ne na ƙarshe ba.

Mu faɗi gaskiya, abin da ya biyo baya abin alfahari ne. Injiniyoyin wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO ne suka zana shirin noman rani na Kogin Kano, mataki na farko hekta 22,000. Dabararsu ita ce kada a dogara da inji ko man fetur. Ruwa ya fito daga Tiga ta babban kanal, ya bi ta tafkin Ruwan Kanya a ƙasar Rano, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya yi ta gangara da ƙafarsa zuwa Bunkure da Kura da Garun Malam. Daga babban kanal zuwa ƙarami, daga ƙarami zuwa ɗan lambatun da ke bakin gona.

Je ka can da sassafe a watan Maris ka gani. Manomi zai tsuguna a bakin lambatu da lanƙwasasshen bututu a hannu. Ya nutsa shi cikin ruwa har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ja shi da sauri ya ɗora a kan kunya, ya saki. Shi ke nan, ruwa ya kama zuba cikin gona da kansa, ba jigo, ba guga, ba ƙarar inji. Kakansa ya yi shekaru yana karya baya da jigo don ɗan fegin albasa. Shi kuwa da bututu biyar zai shayar da kadada yana tsaye yana hira. Wane ne zai ga wannan bai yi wa Audu Bako addu'a ba?

An tsara gonakin ne musamman don alkama, amma manomi ya fi takarda sanin abin da ke kawo kuɗi. Tumatir da shinkafa suka karɓe fage. Kura ta zama garin shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Legas. Birnin Kano kansa, ruwan da ake tacewa a Tamburawa daga wannan kogi yake. Sai dai ruwa gangara yake yi, ba ya hawa tudu. Mutumin Kibiya, da ke gabas da Rano kaɗan, kanal bai bi ta gonarsa ba. Har yau sama yake kallo, yana jiran hadari kafin ya shuka gero da gyaɗa. Maƙwabcin dam ke nan. To, ina ga wanda ke can wutsiyar kogi?

Nan ne labarin ya juya. Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Challawa kusa da Tamburawa, su wuce Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Da ya wuce garin Haɗeja sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi, ya rarrabu rassa-rassa, ya haɗu da ruwan Jama'are da ke zuwa daga Bauci. Kowace damina ruwan kan malala ya rufe ƙasa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. A takardun masu tsara dam, sunan wannan malala asara: ruwa ne ke zubewa a daji rana na shanyewa. Su kuwa mutanen wurin, da za ka tambaye su, da sun ce maka sunansa abinci.

Duba yadda suke cin moriyarsa. Kafin ruwa ya iso sun shuka shinkafar fadama, tana tashi tare da shi. Kifi ya bar kogi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, masunta su cika kwando, a banda, a kai kasuwannin kudu. Ruwa ya fara ja, sai a bi danshi a shuka wake da sauran kayan rani, ba taki, ba ban-ruwa, domin kogi ya bar laka mai albarka. Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa lokacin da ko'ina ya bushe. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ko ganin kogin ba sa yi. Har tsuntsayen Turai, in sanyi ya kore su, nan suke ƙetaro Sahara su sauka. Gona ɗaya, girbi iri-iri, kuma gwamnati ba ta kashe ko kwabo ba. Shin an tambaye su kafin a toshe kogin?

Bayan Tiga, malalar ta fara ƙanƙancewa. A shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970 ruwa kan rufe hekta 250,000 ko fiye. Daga baya aka riƙa samun shekarun da bai kai hekta 100,000 ba. Adalci shi ne a ce ba laifin dam kaɗai ba ne, domin farin 1983 da 1984 ma ya yi nasa ɓarnar. Amma fari yakan zo ya wuce, ganuwar Tiga kuwa tana nan daram. Sannan a 1992 aka kammala dam na biyu, Challawa Gorge a ƙasar Ƙaraye, mai ɗaukar fiye da kubik mita miliyan 900. Su biyun suka riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Mabuɗin rayuwar masunci a Nguru ya koma aljihun injiniya a Kano.

A farkon shekarun 1990 wasu masana, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi wani lissafi da ya kamata a ce an yi shi tun kafin a tuƙa ƙasar farko. Suka ce: mu ɗauki kubik mita 1,000 na ruwa, mu ga nawa yake haifarwa in an bar shi ya malala a fadama, nawa kuma in an kai shi gonakin shirin Kogin Kano. Mai karatu, kai wanne za ka zaɓa? Gonar zamani mai kanal da injiniya da taraktoci, ko fadamar talaka mai kwale-kwale da lauje?

Ga abin da suka samu, da kuɗin 1989: a fadama, in an haɗa noma da su da itacen girki, ribar ta kai aƙalla dala 32. A gonakin shirin, santi 15. Ba dala 15 ba, santi 15. Gaskiya ne lissafin na wancan zamani ne, kafin shinkafa da tumatir su bunƙasa kamar yau, kuma bai sa ruwan shan birnin Kano a ma'auni ba. Duk da haka tazarar ta isa ta sa mai hankali ya yi shiru. Yaya aka yi ƙwararru suka kasa gani? Amsar mai sauƙi ce: alkamar Kadawa tana shiga littafin gwamnati, kifin da matar masunci ta banda ta sayar a kasuwar ƙauye ba ya shiga littafin kowa. Abin da ba a rubuta ba, sai aka ɗauka babu shi.

Kana tsammanin nan abin mamakin ya ƙare? Saura babban. Da can Kogin Haɗeja yakan bushe da rani. Bayan dam, sai ya zama ana sakin ruwa duk shekara don birnin Kano da gonakin rani, rarar kuma ta gangara gabas. Kogin da ke ƙafewa ya daina ƙafewa. Kowa zai ce ai wannan alheri ne, ruwa rani da damina. Ashe akwai wadda ta fi kowa murna da wannan kyauta, kuma ba mutum ba ce.

Kacala ce. Doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, wadda kan fi mutum tsayi, mai kai kamar zangarniyar gero. A da tana nan jefi-jefi, domin abu biyu ke hana ta sakewa: bushewar rani da ke kashe saiwarta, da ƙarfin ambaliyar damina da ke tuge ta ya share laka. Dam ya kawar da duka biyun. Ruwa mara zurfi, mara gudu, wanda ba ya ƙarewa, shi ne abin da take so. Ta yaɗu, laka ta taru a gindinta, ta ƙara yaɗuwa. Hanyoyin ruwa suka fara toshewa ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja ta cushe. Reshen Burum Gana ya cushe. Ruwa kuwa dole ya sami inda zai bi, sai ya karkata arewa ta reshen Marma zuwa tafkin Nguru. Ga amsar tambayar garuruwan nan biyu: na gefen Marma ruwa ya kwanta a gonakinsu ya ƙi tashi, na gefen Burum Gana suna kallon busasshen kwari. Kwale-kwale ya kasa ratsa kacala, koma ta kasa shiga. Jan-baki suka sami gidan kwana a cikinta, su fito da asuba dubbai su sauka a kan shinkafa da gero. Sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya suka sami mafaka. Kogin Haɗeja, wanda a da yake taimaka wa kogin Komadugu Yobe har zuwa Tafkin Chadi, ya zama abin da yake kaiwa Gashuwa bai taka kara ya karya ba. Garin neman gira an rasa ido.

Mai karatu, a ce kai ne mai unguwa a ɗaya daga ƙauyukan nan. Ba ka da injin yashe kogi, ba ka san ofishin da za ka kai kuka ba. Me za ka yi? Mutanen nan gayya suka kira. Maza suka shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje, suna saran kacala daga ƙarƙashin ruwa, domin in an sare ta a sama, kwana kaɗan ta sake tohowa. Ga matsattsaku, ga macizai, ga kaifin ganyen da ke yanka hannu. Su buɗe hanya bana, baɗi ta rufe, su sake komawa. Daga baya ƙungiyoyin agaji da gwamnatoci suka kawo injinan da ke aiki a kan ruwa, amma talaka ne ya fara, da ƙarfin damtsensa. In ana neman jarumai a wannan labari, ga su nan.

Su ma na sama ba su kwana lafiya ba. A watan Agusta na 1988 dam ɗin Bagauda ya fashe bayan ruwan sama mai yawa, ya yi ɓarna a gidaje da gonaki. Shekara huɗu bayan haka, a 1992, aka rage tsayin mafitar rarar ruwa ta Tiga saboda tsoron lafiyar ganuwar, abin da ya rage yawan ruwan da take iya riƙewa. A 2001 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a Kano da Jigawa. A 2010 gwamnatin Jigawa ta ce sakin ruwan Tiga da Challawa ne ya nutsar da ƙauyukanta, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke riƙe da dam ɗin biyu, ta musanta, ta ce ruwan sama ne. Kogin da aka cushe wa hanya, ko ruwan da a da yake haɗiyewa cikin sauƙi yanzu sai ya amayar a kan mutane.

Ka lura da wani abu? Ranar da Audu Bako ya gina Tiga, Haɗeja tasa ce; mai dam da mai fadamar Haɗeja gwamna ɗaya suke kai wa kuka. A watan Agusta na 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, aka yanke Yobe daga Borno. Aka wayi gari dam yana wata jiha, fadama tana wasu jihohi, mabuɗi yana hannun hukumar tarayya, wutsiyar kogin kuma tana kan iyaka da Nijar, inda manoman tattasai na Diffa ke jiran rabonsu. Ko a 1990 sai da Nijeriya da Nijar suka sa hannu kan yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri. Taswira ta canza sau da yawa, kogi kuwa bai san da zancen ba.

Akwai magani? Masana sun daɗe da faɗar sa, kuma za ka yi dariya in ka ji: a riƙa sakin ambaliya da gangan. Wato a tsakiyar damina a buɗe dam a saki ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, a sanar da kowa tun da wuri, ya share hanya ya cika fadama. Da rani kuma a rage sakin banza, a bar rassan kogi su bushe kacala ta mutu. An gwada irin wannan a maƙwabta. A arewacin Kamaru, dam ɗin Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ya busar da fadamar Logone. A 1994 aka sake buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ciyawa da kifi da makiyaya suka dawo. Sai dai a Tiga akwai cikas: mafitar da aka yi mata ta gefen kogi ƙarama ce. Waɗanda suka zana ta ba su taɓa kawowa a ransu cewa wata rana za a roƙe su su mayar da ambaliyar da suka zo kashewa ba.

A 2006 jihohi shida da ke shan wannan ruwa, Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato, suka haɗu a Damaturu tare da gwamnatin tarayya, suka kafa asusun kula da kwarin Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe. Shekara 32 bayan an toshe kogin, sannan na sama da na ƙasa suka zauna a tabarma ɗaya don su yi maganar rabonsa. Da an yi wannan zama a 1970, Tiga za a fasa ginawa? Ba lallai ba. Amma da an yi mata ƙofa mai faɗi, da an rubuta rabon masunci da makiyayi kusa da rabon mai alkama, da an san ranar buɗewa da ranar rufewa.

Kada ka ɗauka labarin ya zama tarihi. A ƙasar Ningi ta Jihar Bauci akwai wurin da ake kira Kafin Zaki, a kan ruwan Jama'are. Tun zamanin Shehu Shagari aka fara aikin dam a can, wanda aka tsara zai fi Tiga girma. Aka tsayar, aka sake tasowa zamanin Babangida, aka sake tsayarwa. Mutanen Bauci na cewa, kuma da gaskiyarsu, "Kano ta samu, mu me ya sa za a hana mu?" Mutanen Yobe da Borno na cewa, su ma da gaskiyarsu, Jama'are ne kaɗai kogin da ya rage yana kawo musu ruwa ba tare da an tare shi ba.

To, mai karatu, ga alƙalami. Takardar Kafin Zaki tana gabanka, matasan Bauci marasa aikin rani suna tsaye a ƙofa ta dama, masuntan Gashuwa suna ta hagu. Audu Bako yana da uzuri: a zamaninsa ba wanda ya auna kifin Nguru, ba wanda ya san abin da kacala za ta yi. Kai ka sani. Za ka sa hannu? In za ka sa, wa za ka fara aikawa a kira maka kafin tawada ta taɓa takarda?